Neman gidan iyali a kewayen Abuja: Mararaba, Kuje ko Dutsen Alhaji?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Sakatariyar Tarayya, ina zaune da iyalina a gidan haya mai ɗaki biyu da falo a Kubwa. Yara huɗu gare mu, babbar ta shiga sakandare, ga kuma mahaifiyata da takan zo ganin likita daga Katsina ta yi makonni a wurinmu, saboda haka gidan ya yi mana kaɗan. Bana mai gidan ya ƙara kuɗin haya, shi ya sa na yanke shawarar haɗa abin da na tara da kuɗin gonar gadon da na sayar, in mallaki muhalli nawa na kaina ko da a bayan gari ne. Abin da ke hannuna bai kama ƙafar farashin Gwarinpa ko Dawaki ba, balle a yi zancen Maitama. Dillalai sun nuna mini gida a Mararaba, da wani a Kuje, da kuma fili mai araha a wajen Dutsen Alhaji wanda suka ce takardar sarki gare shi. Wanne ya fi dacewa da magidancin da dole ya isa ofis da ƙarfe takwas, kuma me ya kamata in bincika kafin in biya?

Abu Sadiƙ

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. A Mararaba nake zaune, kuma gaskiya ne kuɗin da zai saya maka ɗaki biyu a Kubwa zai iya ba ka ɗaki uku da tsakar gida a nan. Sai dai ka sani cewa rarar da ka samu a farashi, hanya ce za ta riƙa karɓe ta kullum. Babban titi guda ne, wato titin Keffi, yake kwaso mutanen Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya ya juye su a mahaɗar AYA, kuma idan tirela ta lalace a hawan Kugbo, wanda ya bar gida ƙarfe shida yana iya kai wa tara bai isa Asokoro ba. Da yawa daga cikinmu a masallatan bakin hanya muke sallar asuba, yara kuwa suna barci muke fita, wani lokacin suna barci muke dawowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ajiye motata sai ranar Juma'a. Ka ɗauki biro ka lissafa kuɗin motarka da na 'yan makaranta na shekara goma, ka ɗora a kan farashin gidan, sannan ka kwatanta shi da na Kubwa, inda titin ya fi faɗi, kuma jirgin ƙasa na cikin gari da ya dawo aiki a 2024 yake tsayawa a Gbazango.

Safiyo Mai Ritaya

Ƙanena, ni maganar filin nan na Dutsen Alhaji ce ta tayar mini da hankali, don haka a kanta zan tsaya. Tun dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, dukkan ƙasar yankin tana hannun gwamnatin tarayya, kuma ministan Abuja ne kaɗai yake da ikon ba da fili. Takardar sarki ko ta mai unguwa tana nuna cewa ka yi ciniki da mutanen gari kuma ba za su tsangwame ka ba, amma ba ta hana katafila zuwa ranar da aka ce wurin hanya ce ko makaranta a taswirar birni. Waɗanda suka ga rusau na zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, sun san cewa irin wannan takarda ba ta hana rusau ba.

Duk gidan da ka gani a cikin yankin Abuja, har da na Kuje, ka karɓi kwafin takardar mallaka da lambar fayil, ka sa lauyanka, ba lauyan dillali ba, ya nemi bincike a ofishin AGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Binciken ne zai nuna sunan mai filin na ainihi, da ko an jinginar da shi a banki, da ko an soke shi, da bashin harajin ƙasa da ke kansa. Bayan haka ka ɗauki safiyo ya je ya auna duwatsun iyaka, domin na sha ganin takarda ta gaskiya da aka nuna wa mai saye a kan filin da ba nata ba. Ka kuma nemi ganin izinin gini. Mararaba kuwa jihar Nasarawa ce, saboda haka NAGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, za ka je, kamar yadda Suleja da Madalla suke ƙarƙashin jihar Neja. Duk mai sayarwar da ya ce ka fara ba da kafin alƙalami domin wani na zuwa da kuɗi gobe, ka bar masa kayansa.

Maman Walid

Malam, maza sun yi maganar hanya da takarda, ni kuwa zan yi ta wadda za ta wuni a gidan. Ka je da uwargida ku ga wurin da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ku duba gindin katanga ko akwai shatin da ambaliya ta bari, domin mun sha ganin yadda ruwa ke shiga gidaje a wasu sassan Lokogoma da Lugbe. Mu a Kuje muke, wuri ne mai natsuwa da sauƙin kayan miya, amma unguwarmu ba famfo, sai da muka haƙa rijiyar burtsatse bayan mun gaji da sayen jarka a wurin 'yan garuwa. Ku tambayi maƙwabta, ba dillali ba, awa nawa suke samun wuta, da nisan islamiyya da asibiti, tunda Hajiya tana ganin likita. Sannan ku guji gidan ƙarshe da ke bakin daji komai araharsa. Sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 bai bar zukatanmu ba.

Abu Sadiƙ

Na manta wani abu. Tunda ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, NHF, kana da haƙƙin neman rancen FMBN, wato bankin gwamnatin tarayya mai ba da rancen gidaje, wanda ake biya a tsawon shekaru har 30. Akwai kuɗin ruwa na kashi 6 cikin ɗari a kansa, don haka ka tuntuɓi malamai, ka kuma tambayi bankin game da tsarinsa marar ruwa. Shi ma sai gida mai cikakkiyar takarda suke karɓa.

Baban Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sanar da dillalin Dutsen Alhaji cewa na janye. Gidan Kuje kuwa na nemi lambar fayil, mai shi ya yi alkawarin turowa ranar Litinin, kuma za mu je da uwargida idan ruwa ya sauka. Baba Safiyo, idan sunan da ke AGIS na wanda ya sayar wa mai gidan ne, ba nasa ba, wace takarda zan nema a hannunsa kafin mu zauna ciniki?