Abokiyar aikina jikar 'yan Ireland ta ce in tsaya mata shaida

Baban Khalifa, Glasgow: Salamu alaikum. A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Ranar 25 ga Janairu an yi bikin tunawa da Robert Burns, marubucin waƙoƙi na Scotland, har da mai busa, da kuɗin gidan. Ranar 17 ga Maris, ranar St Patrick, bikin 'yan Ireland, abokiyar aikina ta maƙala ɗan koren ganye, alamar Ireland, a rigarta, manaja ta ce ta cire, wai kada a tayar da rigimar ƙwallo. A gabana aka yi, hannunta na rawa tana zare allurar. Ta shigar da ƙorafi, tana so in ba da shaida. Bizata kuwa a hannun gidan take. In yi magana?

Ɗan Zazzau: Rigimar Celtic da Rangers ce, ƙungiyoyin ƙwallon Glasgow, malam. Kai da ka zo jiya, ina ruwanka?

Malam Habu: Ba ƙwallo kaɗai ba ne. Don ciyar da talakawan 'yan Ireland aka kafa Celtic a 1887. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana wariya kan asali, ta kuma kare mai shaida.

Maman Ilham: Malam, dokar a takarda take. Ni na tsaya wa wata, ba wanda ya kore ni, sai dai aka mayar da ni aikin dare wata biyar, ga goyo. Wadda na tsaya wa ta samu wani aiki ta tafi, ko kira. Lauya ya ci fam 250 a zama ɗaya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Hajiya Binta: 250? Fam 90 na biya. Acas ma, hukumar ba da shawara da sasanta rikicin wurin aiki, kyauta ce.

Maman Ilham: Hajiya, ke mai fasfon Birtaniya ce. A bar masu biza su yi magana.

Sadiq: Ni dai tambayata, haggis ɗin da aka ci a bikin Burns, abincin nan na kayan cikin tunkiya, na halal ne? 😂

Malam Habu: Sadiq, bari wasa. Baban Khalifa, ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata tun yau.

Ummu Sumayya: Su ana rigima kan ganye. Ni bara da hijabina na wuce masallaci ranar Idi zuwa aiki, an hana ni hutu, wai ban faɗi ranar da wuri ba. Wa ya san ranar kafin a ga wata?

Hajiya Binta: Kwana biyu nake nema kowace shekara, ɗaya ya tafi a banza.

Ummu Sumayya: Mu ko biyun ba sa ba mu.