Ƴar mota mai kujera biyu a Damagaram: wanda ya taɓa riƙewa ya ba ni labari

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shekara uku ina tara kuɗin mota, kuma kowa a gida ya riga ya yanke cewa Corolla ce. Sai wani abokina na Yamai ya turo mini hoton Mazda MX-5 ja, ta hannu, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa baya. Tun ranar ban sake kallon wata mota ba. Ban yi aure ba tukuna, zirga-zirgata daga Birni zuwa wajen jami'a ce. Nasiha na sha ta wurin Inna har na ƙoshi. Wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan ƙananan masu gudu a garin nan nake so ya faɗa mini yadda suka ƙare.

Na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na riƙe wata ƴar Turai mai rufin ƙarfe da ke naɗe kansa, shekara biyu. Bari in fara da daɗin, don na san masu zuwa bayana ba za su faɗa maka ba.

Lokacin sanyi, in an sallame asuba, nakan ɗauki hanyar Mirya, kilomita 18 ne kawai, rufi a buɗe. Kana zaune dab da ƙasa kamar kan tabarma, ka ɗan murza sitiyari ta amsa nan take, ba irin babbar mota da sai ta yi shawara ba. Gudun da a Hilux ba za ka ji komai ba, a cikinta sai ka rantse tashi za ka yi. In isa Mirya in sha shayi, in sayi kayan lambu ɗan abin da but ɗinta zai ɗauka, in juyo kafin rana ta yi zafi. Wallahi har yau in na tuna sai na yi murmushi ni kaɗai.

To amma wata nawa ne haka a shekara? Cikin Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, wa zai buɗe rufi? In hazo ya sauko kuma, ka isa wurin aiki kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ƙura ta cika mahaɗan rufin nawa, ranar wata Juma'a ya tsaya rabi a buɗe rabi a rufe, a bakin Kasuwar Dole, yara suna ta ihu. Haka na kai ta gida.

Babban abin ma lungunmu ne. Rairayi ne zalla, sau uku samarin fada suna turo ni. Daga baya sai na riƙa kwanar da ita gidan wani aminina a bakin kwalta, in taka da ƙafa zuwa gida. Mai mota, ga makulli a aljihu, ga shi yana tafiyar ƙasa.

Mai Garaji:
Alhaji Na Zango ya faɗi gaskiya. Ni ta ƙarƙashi nake ganin motocin nan, ba ta sama ba. Tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai taki ɗaya ba. Tudun da ake yi a titi don rage gudu, in ba a karkace ka hau shi ba, za ka ji ƙarar da za ta taɓa maka zuciya, kuma abin da ke gogawa wani lokaci kaskon man inji ne. Ya tsage ba ka lura ba, inji ya tafi. Tayoyinsu kuma siraran gefe ne, rami ɗaya a hanyar Tanut ya isa ya lanƙwasa ƙarfen taya.

Wadda kake so ɗin nan, ɗana, ƙafafun baya ne ke tura ta, bayan kuma ba nauyi. A kwalta abin sha'awa ne, shi ya sa Turawa ke son ta tun fitowarta a 1989. A rairayi kuwa tona wa kanta rami take yi.

Shan mai ba shi ne damuwa ba, injin ƙarami ne, kuma a 2024 an rage kuɗin litar esansi zuwa sefa 499. Sai dai ka sha a gidan mai. Matatar mai ta Soraz na nan kusa da mu tun 2011, ba dalilin da zai sa ka ɗura mata na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, ba ka san me aka gauraya ba. Matatar iska kuma a lokacin hazo duk sati ka cire ka kakkaɓe.

Kayan gyara su ne maganar. Na Toyota, in ka aiki yaro yanzu, kafin ka gama shan shayi ya dawo da shi. Na irin wannan sai an yi waya Kano, in babu a jira daga Lome ko Kwatano. Akwai wata da ta kwana wata biyu a garajina saboda abin da bai fi tafin hannu ba, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta.

Maman Ummi:
Ku bari matar mai irin motar ta yi magana. Maigidana da ita na same shi, kuma ba zan ɓoye ba, tana cikin abin da ya sa na kula shi. Wata shida na farko ni ce sarauniyar unguwa.

Sai famfo ya ɗauke, kamar yadda ya saba mana a garin nan. Maƙwabta suna loda bido takwas, goma a mota su ɗebo ruwa, mu tamu bido ɗaya a but, ɗaya a kan cinyata. Da Sallah babba an sayi rago, a adaidaita ya zo gida, maigida yana gaba a jar motarsa kamar mai yi wa rago jiniya. Ranar da naƙuda ta kama ni kuwa, kujera ɗaya ce ta rage: ni ko Inna? Ƙarshe motar maƙwabci ta kai mu, shi ya biyo mu shi kaɗai. Inna ba ta ce masa komai ba, kallo ɗaya ta yi wa motar a ƙofar asibiti. Kafin suna ya sa ta kasuwa.

Kuma sayarwar ma wata huɗu ta ɗauka. Kowa ya zo sai ya zauna ciki, a ɗauke shi hoto, ya ce zai dawo.

Gwauron Sabon Gari:
Hajiya, abin da kika kira aibi ni shi ya sa na sayi tawa. Da ina da babbar mota, ban taɓa yin Lahadi a gida ba: yau kai gaisuwa Magarya, gobe ɗauko buhun hatsi Matamaye, mai kuma daga aljihuna. Yanzu sai in nuna kujera in ce ku duba da kanku.

Maman Ummi:
Allah ya shirye ka. Ranar da kai za a ɗauka fa?

Gwauron Sabon Gari:
Amin Hajiya. Ai ban tsira ba ma. Duk angon da ke unguwa ita yake so ranar ɗaurin aure, kuma abokan ango ba su san tudu ba.

Tsohon Direba:
Ni shekara da shekaru na yi ina bin hanyar Zinder zuwa Yamai, kusan kilomita 900. Abu ɗaya zan ƙara. Ƴar motar nan za ta riƙa zuga ka, kai kuma yaro ne. Tsakanin Takeita da Tasawa ba motoci kaɗai ke bin kwalta ba, akwai jakai, akwai shanu, akwai amalanke marar fitila. Mai kujera a ƙasa ba ya hango nesa, in kuwa raƙumi ne ya gitta da magariba, ƙafafunsa kawai za ka gani. In ka saya, kada ka yi tafiyar dare da ita.

In kuma zafin tashi kake so ba buɗaɗɗen rufi ba, nemi Golf GTI mai ƙofa huɗu. Tana da kuzari, tana ɗaukar mutum biyar. Ita ma dai ba ta son rami.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Direba, na ji, amma gaskiya rufin ne ya kama ni. Jiya da yamma na bi hanyata a kan moto ina ƙirga tudu, na samu bakwai, ga kuma lungunmu da ko adaidaita sai ya yi da gaske. Na ce wa abokina kada ya ba da kuɗin kamu tukuna, ya sa ma'auni a ƙarƙashinta ya turo mini hoto. Mai Garaji, in ya turo zan kawo maka ka duba. Alhaji Na Zango, aminin nan naka na bakin kwalta, har yanzu akwai fili a gidansa?