Wa ya taɓa ganin zane-zanen Van Gogh na farko ido da ido?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Makon jiya na shiga gidan adana zanen Van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holand, a Amsterdam, niyyata in ga furanninsa masu ruwan ɗorawa. Sai na kafe a gaban zanensa "Masu Cin Dankali" na 1885. Mutum biyar a ɗaki mai duhu, ƙaramar fitila a rataye, kwanon dankalin Turawa guda ɗaya, wata tsohuwa tana tsiyaya gahawa. Na fi minti ashirin ban gusa ba. Ko akwai wanda hakan ta taɓa faruwa da shi?

Maman Iman: Wa alaikumus salam, Malam. Ni hannayen ne suka kama ni. Yatsu masu gaɓoɓi, duk sun yi kanta, sak na kakata da ta yi rayuwarta da fartanya. Da gangan ya yi su haka, domin ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa so yake a ga hannun da ke shiga kwano shi ne ya haƙa ƙasar. Launin fuskokin ma na dankali ne mai ƙura da ba a fere ba. Wallahi sai da na share hawaye.

Ɗan Damagaram: Hajiya, a Eindhoven nake karatu, ƙauyen Nuwenen, inda Van Gogh ya yi wannan zane, kusa yake, a keke na je. Nan ya zauna daga ƙarshen 1883 zuwa ƙarshen 1885, mahaifinsa ne limamin cocin garin, kuma ƙaramar cocin tana nan. Kafin ya taɓa babban zanen, ya kwashe hunturu guda yana zana kawunan manoma, wajen arba'in. Ya zana masaƙa kuma, kowanne a takure cikin katakon saƙarsa. Da na tsaya kan hanyoyin ƙauyen da yamma, gari ya yi lumshi, sai na ga duhun nan ba ƙari ya yi ba.

Baffa Isa: Ni a gidan adana zane na Kröller-Müller da ke Otterlo na ga gwajin "Masu Cin Dankali" da ya yi kafin babban zanen. Gaskiya da farko bai burge ni ba, na ga kamar hannaye da kafaɗu ba su daidaita ba. Abokinsa Van Rappard ma irin sukar da ya yi ke nan, har abotarsu ta yi tsami. Da na tuna sai yana ɗan shekara 27 ya rungumi zane, a 1880, bayan wa'azi a cikin masu haƙar kwal na Borinaj a Beljiyam, sai na koma na sake kallo a tsanake. Shekara biyar kacal da farawa.

Malam Sabo: Na gode, Baffa. Ɗan Damagaram, idan Allah ya kai mu hutun bazara zan zo ka raka ni Nuwenen, ina son ganin cocin nan da gonakin.