Wata tara da saki: in kama ɗakina ko in ci gaba da zama gidan Yaya?

Maman Biyu, Garin Malam

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri in na yi tsawo, abin ya daɗe yana cina.

Shekarata 29, na yi shekara tara da aure kafin auren ya mutu. Ba zan shiga wa ke da laifi ba, Allah ya sani. Takardar sakin ma ba shi ya miƙo mini ba, ƙanensa ya aiko da ita ina tsakar wanki. An yago ta ne daga kayen ɗanmu, wato littafinsa na rubutu, a bayanta akwai lissafin da yaron ya yi, 2 a tara da 3, da jan bik na mushensu. Har yau tana cikin akwatina, kuma duk sa'ad da na ɗauko ta bayan nake fara dubawa.

Yara biyu gare ni. Namijin zai cika bakwai bayan sallar layya, macen shekara biyu da rabi, ban jima da yaye ta ba. Babanmu ya rasu, don haka gidan Yaya na dawo, ɗakin Inna muke kwana mu huɗu. Yaya bai taɓa ɓata mini rai ba, gaskiya. Amma kun san Damagaram da ruwa. Da zafin nan ya shigo famfon unguwa sai ya kwana uku bai ɗiga ba, bido ɗaya wurin 'yan ga-ruwa ya kai dala ashirin, ni kuma ga mai fitsarin kwance. Matar Yaya ba ta ce mini komai ba. Ƙirga bido kawai take yi da ƙarfi, da safe da marece: "Jiya shida ne fa, yau huɗu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sayar da gado da kwanonin jere, na bar katifa. Jika 120 ke hannuna, ko Inna ba ta san adadin ba. Na ga ɗaki ciki ɗaya can wajen Karkada, jika takwas a wata. Wata maƙwabciya ta ce in sayi firigo na hannu in riƙa ƙanƙara da lamurje. Wata mata kuma ta zo har sau biyu tana ce mini in bi su Aljeriya da yaran, wai wata shida ya isa in dawo da kuɗin fili. Ga wani dattijo mai mata biyu ya fara aiko da goro, amma ya faɗa wa Yaya ƙarara shi ba zai riƙe ɗan wani ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: gwaggon yara ta aiko cewa da yaron ya cika bakwai za su zo su ɗauke shi, wai haka shari'a ta ce. Tun da na fito uban bai aiko da ko sabulu ba. Da gaske haka shari'a ta ce? In na kama ɗaki ni kaɗai, ba zan ba su hujja ba? Kuma wace sana'a ce ba za ta cinye mini ɗan abin nan ba? Na iya awara da ƙuli-ƙuli, wurin kakata na koya a Matamaye.

Hajiya ta Zango

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya musanya miki da mafi alheri. Ni shekara 11 ke nan da nawa, da yara uku na fito, don haka bari in yi miki maganar kuɗi, malamai su yi miki ta shari'a.

Kada ki kama ɗakin nan yanzu. Ba don bakin mutane nake faɗa ba, mutane ko cikin ɗakin uwarki kike sai sun yi magana. Lissafi ne. Jika takwas sau 12, jika 96 ke nan, kusan duk abin da ke hannunki, ba ki ci ba, ba ki sha ba, ba ki sayi gawayi ba. Kuma ranar da za ki fita kasuwa wa zai riƙe miki ƙaramar? Inna da kike kwana ɗakinta ta fi miki jari.

Abin da za ki fara yi, gobe ma in kin iya: ki sayi bidon kanki guda biyu, ki ɗaura musu tsumma a wuya don a gane naki ne, ki riƙa biyan mai ruwa da kuɗinki gaban kowa. Ranar da kika samu hali ki sa a zuba ɗaya a randar gida, kada ki ce komai. Za ki ga ƙirgar ta tsaya. Ita ma baiwar Allah kada ki ga baƙinta da yawa, cefanen da aka yanka don mutum shida ne ya koma na tara.

Firigo kuwa, ni na ɗanɗana. Na sayi na hannu da kuɗin adashina, lokacin da ƙanƙara ke da kasuwa shi ne lokacin da aka fi ɗauke wuta, wata rana ta zo da ƙarfi ta ƙone injin. Yana nan tsakar gidana, tufafin yara nake zubawa ciki. Kuma gidan ba naki ba, kina so ki ƙara rigimar kuɗin wuta kan ta ruwa?

Ki yi awararki. Ki fara da tiya ɗaya ta waken suya, ɗaya tak, har ki gane bakin masu sayenki. Ƙofar lakwal, wato makarantar boko, da ƙarfe goma, sannan bakin titi bayan la'asar. Dusar kada ki zubar, masu kiwo suna saye, ni kuɗin niƙa daga nan nake fitar da shi. Wake ki saye shi ranar Alhamis da kasuwa ta cika, kada ki riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan wurin mai tebur. Ƙuli-ƙuli ki bar shi sai kaka, gyaɗa ta faɗi, yanzu ba za ki fita ba.

Abu biyu suka kusa kashe ni a shekarar farko: bashi da kunya. Bazawara tana jin nauyin ta ce a'a, don kada a ce baƙin halinta ne ya fito da ita. 'Yan uwana na jini suka cinye mini jari da "kawo na dala goma, gobe". Sai da na sayi kaye na ce wa kowa kuɗin ba nawa ba ne, na ƙungiya ne. Kuma da gaske na shiga ƙungiyar asusu ta unguwa, irin ta Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991. Zubi kowane mako, akwati da kwaɗo uku, makullai hannun mata uku daban. Ki nemi ta unguwarku. Cikin jika 120 ɗin nan kada ki taɓa fiye da 20. Sauran, in kina da wurin ɗaurewa, ki sayi tunkiya.

Ni sai da na yi shekara biyu da wata huɗu gidan kawuna kafin in kama ɗaki, kuma ranar da na tashi matarsa har da hawaye.

Ɗalibin zaure, Birni

Baiwar Allah, Allah ya ba ki mafita. Maganar "shekara bakwai" al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasar nan har mutane suka ɗauka nassi ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, Risala ta faɗa a fili: bayan saki riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. In uwa ta rasu ko ta auri wani, riƙon ya koma hannun kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Ki lura da wannan sosai saboda mai goron da kika ambata: auren ne zai iya fitar da riƙo daga hannunki, kuma ko a nan Innarki ce a gaba.

Ci da sha da tufafin yara kuwa a wuyan uba suke gwargwadon ƙarfinsa, ko yaran suna ina. Ki duba Baƙara aya ta 233, da Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 da ta 7. Uba yana da haƙƙin ganin ɗansa da kula da tarbiyyarsa da karatunsa, wannan kada ki hana, don hanawar za ta zame miki laifi.

Amma kada ki tsaya kan abin da littafi ya ce kawai. Nijar ba ta da kundin dokar iyali, sha'anin aure da saki da riƙon yara alƙali yana duba al'adar mutanen ne, tare da dattawan da ke zama da shi don ba da shawara kan al'ada, sannan ya duba abin da ya fi wa yaron. Saboda haka ki shirya. Takardar kayen nan ki kai ta kotu a tabbatar da sakin a rubuce, a nan ne kuma ake yanka abin da uba zai riƙa bayarwa. Takardun haihuwar yaran su kasance hannunki. Ki ajiye takardun sakamakon yaron na lakwal da katin awon ƙaramar.

Kafin kotu, Yayanki ya nemi babba a danginsu su zauna, in ta ƙi a je wurin mai unguwa, in ta ƙi akwai fada. Abin da aka daidaita a rubuta, a sa shaidu. Kada ki yi musayar magana da gwaggon ta bakin 'yan aike.

Ta Kance

Ni kan matar Aljeriya kawai zan yi magana. In ta sake zuwa kada ki ba ta ko tabarma. Yaranki take so, su ne jarin bara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada bayan Arlit, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su, kusan duka mata ne da yara, kuma mafi yawansu daga yankinmu suka tashi. Waɗanda suka isa lafiya ma kullum maido su ake yi cikin manyan motoci. Kuɗin motar ma bashi za ta ɗora miki. Kuma ranar da dangin uban suka ji kin ko saurari maganar nan, kin ba su hujjar da ta fi ta ɗaki sau goma.

Maman Walida, Sabon Gari

Ni dai zan faɗi abin da ba a so. Malam ya yi gaskiya, amma ba malam zai biya kuɗin magani ba ranar da zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare. Na yi rigimar nan, na ci, aka yanka wa uban jika goma a wata. Wata uku ya bayar. Na yi ta zirga-zirga har kuɗin kabu-kabu ya fi abin da nake bi. Da ɗana ya kai tara ni da kaina na kai shi, yanzu yana zuwa mini Asabar da Lahadi da duk hutu, kuma ba mu rabu ba. Ban ce ki bayar ba. Na ce ki duba gidan da zai je: wa ke ciki, akwai kakarsa, matar uban wace iri ce. In gidan kirki ne, bayarwa ba zubar da ɗa ba ce.

Kuma Hajiya, da girmanki, ba kowa zai iya zawarcin shekara 11 ba. Yarinya ce 'yar 29. Wannan dattijon dai a'a, tunda ya faɗi halinsa da bakinsa. Amma kada a sa mata ƙin aure a rai.

Hajiya ta Zango

Wa ya ce ta ƙi aure? Ni ma sau biyu aka kawo sadakina na mayar. Cewa na yi ta shiga da tukunyar awararta, don in an sake aiko da takarda kada ta koma sayar da gado.

Maman Biyu, Garin Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ta Kance, na gaya wa Inna, ita ta tare matar a zaure, ban ji abin da ta ce mata ba amma ba ta dawo ba.

Malam, na karanta wa Yaya amsarka. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma duk zatonsa bakwai ɗin a littafi take. Zai je wurin baffan yaran ranar Juma'a bayan masallaci. Sai dai na duba akwati, takardar haihuwar ƙaramar kaɗai ke wurina, ta yaron tana gidansu tun lokacin da aka sa shi lakwal. Zan je wurin darakta in ga ko akwai kwafi a can.

Maman Walida, maganarki ta tsaya mini. Kakarsa tana nan, kuma tana sonsa, wannan ba zan ɓoye ba. Amma amaryar da aka kawo shekararta 17, uban kuma rabin shekara yana Agadas. Ban shirya ba tukuna.

Hajiya, na sayi bido biyu, na ɗaura musu jan ƙyalle. Shekaranjiya na yi tiya ɗaya. Ruwan tsamin ya yi mini yawa, ta ɗan yi tauri, duk da haka saura guda tara na dawo da su, yara suka cinye. Da na cire wake da niƙa da mai da itace, dala 130 ta rage. Matar Yaya ce ta ara mini babban kaskonta, kuma ta ce yajina ba gishiri. Yanzu tambayata, wurin lakwal ɗin akwai mai awara tun da daɗewa, tsohuwa ce, kuma ta harare ni. In matsa gaba wajen masu gyaran babur, ko in je in gaishe ta tukuna?