'Yata ta daina cin tuwo saboda TikTok, ya zan yi?

Maman Uku:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 15, tana aji huɗu a sakandare. Tun bayan babbar sallah ta daina cin tuwo, wai shi ke kawo tumbi. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami, da rana kokwamba, dare kuwa sai dai ta ce ta ƙoshi. Jiya ina gyaran ɗakinsu na tarar da fakitin shayin rage tumbi a ƙarƙashin katifa, ashe kuɗin tararta take tarawa ta saya wajen wata mai talla a Instagram. Yarinyar nan wallahi kamar sillen kara take, ban san wane tumbi take ragewa ba. Babanta ya ce a karɓe wayar kawai. Ku ba ni shawara.

Mai Kyamis:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki duba bayan fakitin, yawancinsu senna ne a ciki, wato filaskon da muka sani. Zawo yake sawa. Ruwan jiki take zubarwa ba kitse ba, shi ya sa cikin ke lafewa na yini ɗaya. In ta daɗe tana sha, sinadarin potassium zai ragu, hanji kuma ya saba, sai ta kasa bayan gida in babu shi. Wasu ko lambar NAFDAC ba su da ita.

Ni kuma a shagona masu neman ƙiba sun fi yawa. 'Yan mata su zo suna tambayar sha-ka-fashe saboda sun ga wata a bidiyo ta yi ƙugu. Dexamethasone ne da cyproheptadine. Fuska ta kumbura, suga ya hau, kuma ba a daina na farkon lokaci guda sai da likita.

Malamar Sakandare:
Maman Uku, karɓe waya ba zai yi ba, a ta ƙawarta za ta ci gaba da kallo. Muna ganinsu suna zubewa a layin taron safe saboda yunwa. Manhajar TikTok haka take: ki kalli bidiyon rage ƙiba ɗaya har ƙarshe, sai ta riƙa jero miki irinsa. A 2021 takardun cikin gida na Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, da suka fita sun nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa sun ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. Ki zauna da ita ba faɗa, ki tambaye ta wa ya ce mata tana da ƙiba. Sau da yawa wata ce a aji. In al'adarta ta tsaya ko tana yawan jiri, asibiti kawai.

Baban Samari:
Nawa namiji ne. Ya zuba siminti a gwangwanaye biyu yana ɗagawa, yana kwankwaɗar ɗanyen ƙwai. Kiret ba ya mako a gidana.

Maman Uku:
Na gode, Allah ya saka. Na duba, senna ɗin ne kuwa. Malama, jirin ma tana yi, gobe da safe za mu asibiti in sha Allah.