Bayanai ba su canza ba, amma fayil ɗin JSON kullum daban yake fitowa

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum, malamai. Ni ke riƙe wa wata ƙungiyar 'yan albasa lissafin buhuna da manhajar da na rubuta da harshen Python. Kowane dare manhajar tana fitar da fayil na JSON (tsarin rubuta bayanai), in ɗauki SHA-256 ɗinsa, wato hash, lambar da ke canzawa da zarar wani abu a fayil ɗin ya canza. In ya saɓa da na jiya, a tura wa abokan cinikinmu na Njamena; in iri ɗaya ne a bar shi, don data ba ta da arha. To ko buhu ɗaya ba a ƙara ba, sai lambar ta canza. Da na buɗe fayil ɗin, sunayen kasuwanni ne ke yawo: yau Gidar a sama, gobe Pitowa. A set (ma'ajin Python da ba ya maimaita abu) nake tara su, sannan in yi list() in mayar da su jeri. Ina gizo ke saƙar?

Yayanku na Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Set bai taɓa yi wa kowa alkawarin jeri ba. Tun daga Python 3.3, duk sanda ka tayar da manhaja sai a sauya lambar farawa (seed) da Python ke lissafa nasa hash na kalmomi da ita, wanda set ke dogara da shi wajen ajiye su, don kada maharan intanet su cunkushe sabar. Shi ya sa jerin ke juyawa. Maimakon list(), sa sorted(). Sannan a json.dumps ƙara sort_keys=True, domin dict (ma'ajin makulli da ƙimarsa), tun 3.7, yadda aka zuba masa yake bi, kuma ba lallai kullum a zuba iri ɗaya ba. Amma lura: makullai kawai yake jerawa, ba ya taɓa abin da ke cikin list.

Sabon shiga:
Yaya, ba sai ya sa PYTHONHASHSEED=0, ya hana wannan sauyin, ya huta ba?

Yayanku na Marwa:
Zai lafa a kwamfutarsa. Ranar da aka kai manhajar wata na'ura aka manta da saitin, ciwon ya dawo. Ban ba da shawara ba.

Malama daga Njamena:
Malam, saura abin da ya shafe mu nan. Sorted() lambar Unicode, wato lambar da aka ba kowane harafi, yake bi: manyan baƙaƙe kafin ƙanana, su Ƙ da Ɗ kuma can bayan z. Ido ba zai so ba, amma ga hash hakan ake nema. Jeri irin na ƙamus ka bar wa allon da mutane ke karantawa. Sunayen da aka rubuta da Faransanci su ne tarkon: é yana iya zama harafi guda, ko e da alamar sama daban, a allo kuwa ba ka bambance su. Wuce da su ta unicodedata.normalize("NFC", suna) kafin jerawa, don su koma siga guda.

In mutanenmu na nan za su sake lissafa hash ɗin da JavaScript, nan ma da aiki: Python na rubuta 1.0, JavaScript 1, kuma Python na barin sarari bayan waƙafi. RFC 8785 na 2020, ƙa'idar rubuta JSON a siga guda, don irin wannan aka yi shi. Da me suke karɓa?

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri. Na sa sorted da sort_keys, lambar ta tsaya cak. Su kam buɗewa kawai suke yi su karanta, Malama, amma NFC ɗin zan ƙara, don akwai su é a rajistar.