Wai a ina shirin gwamnati kan ambaliya da fari yake maƙalewa?

Manomin Fadama:

Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Auyo, cikin kwarin Hadeja. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mayar mini da ita rigimar jam'iyya.

A daminar 2022 ruwa ya cinye mini gonar shinkafa, saura 'yan makonni in sa lauje. Ranar da na je dubawa, a kwalekwale na bi ta kanta. Ban gane iyakata ba sai da na hango tsumman da na ɗaura a sanda don korar tsuntsaye. Ɗakin tsohuwata na ƙasa ne, cikin dare ya zauna, Allah ya sa tun magariba muka fitar da ita. Muka tare a ajin firamare mu da akuyoyinmu. Abin da ya iso hannuna na tallafi tabarma biyu ne da katan ɗin taliya da gidan sauro. Na gode, amma mai takin da na ci bashinsa ba ya karɓar taliya.

Gonar tudu kuma nata ciwon daban. Ruwa ya sauka da wuri mu shuka gero, sai ya ɗauke kwana ashirin, shuka ta ƙone, a koma neman iri. Babanmu da yake lissafin damina ba ya kuskure, yanzu in ka tambaye shi sai ya ce a bar wa Allah.

Kullum rediyo na cewa sauyin yanayi, an ware kuɗi, an kafa kwamiti. To mene ne ainihin shirin? Ina so in sani kafin in sake buga tubali a wuri ɗaya.

Tsohon Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Shiri kam akwai, har ya yi yawa. A 2021 Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi, aka kafa majalisar da za ta kula da lamarin. Akwai hukumar dashen itatuwa don tare hamada, wadda aka kafa a 2015, tana aiki a jihohi 11 ciki har da Jigawarku. Ga ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Ka lura, rance na ce, jikokinmu za su biya.

Amma abin da ya fi shafarka biyu ne. Farkon kowace shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai zauna, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron tsaikon ruwa. Har da Hausa suke fassara shi. Hukumar NIHSA, mai lura da ruwan koguna, ita ma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, kuma yankinku ba ya cika fita daga ciki. Matsalar, takardar a ɗakin taro ake ƙaddamar da ita, a sha lemo a watse. A zamaninmu malamin gona ne ke ɗaukar irin wannan a kan babur ya kai wa dagaci. Yanzu mu nawa muka rage?

Sannan ruwan da ya ci gonarka ba na sama ba ne kaɗai. Kogin Hadeja daga Kano yake samun ruwa, ta madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Tun da aka datse, kogin ya daina ƙafewa da rani kamar da, sai kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta. In marka ta yi ƙarfi, dam ya cika ya tumbatsa, ruwan bai da inda zai bi sai gonarka. Duk shirin da bai taɓa kachala da yashe kogi ba, a wajena bai fara ba.

Ɗan Yusufari:

Baba, batun dashen nan bari in faɗi abin da idona ya gani. Mu rairayi ne ke binmu, akwai gonar kakanmu da yanzu tudun yashi ne a kanta. An zo garinmu da mota cike da dashen dalbejiya, aka jera, aka ɗauki hoto, aka kafa allo. Ba shinge, ba mai ban ruwa. Kafin bazara awaki sun gama da su. Allon na nan har yau, shi kaɗai ya rayu.

Bamaraɗe:

Ɗan'uwa na Yusufari, ka ba ni dariya, don mu ma a Nijar mun sha wannan. Abin da ya fisshe mu a Maraɗi ba dashe ba ne, sassaben zamani ne. Tun shekarun 1980 aka fara. In ka zo sharar gona ba ka tumɓuke kututturen da ke toho, sai ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ya neman ka ba shi ruwa. Gawo ya fi komai, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma zangarniya ta fi kauri. Tsakanin Maraɗi da Damagaram ana maganar kadada miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka. Abin da hukuma ta yi mai amfani shi ne sakin mara: manomi ya tabbata icen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba. Kafin nan wa zai raini abin da za a ci shi tara in ya sare?

Maman Biyu:

Ni daga Gwange nake a Maiduguri. Daren 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ba wanda ya buga mana ƙofa. Ihun maƙwabta ne ya tashe mu, ruwa ya riga ya kai gwiwa. Na goya ɗaya, mijina ya saɓa ɗaya. Kasuwar Monday da fadar Shehu duk ruwa ya shiga, har namun gidan zu suka fito. Kuma an taɓa yin irinta a 1994, ba baƙon abu ba ne. Daga baya muka ji an amince da naira biliyan 80 don sake gina dam ɗin. Madalla. Ni dai da an ba ni awa uku kacal, da na fitar da keken ɗinkina da takardun yara.

Manomin Fadama:

Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Maganarki ita ce tawa. Awa uku. Mu ma labarin tahowar ruwa daga bakin wani direba da ya fito daga Ringim muka ji, ba daga wani ofis ba. Alhali kowane gida akwai waya, kowane masallaci akwai lasifika.

Baba, kachala kam mun san ta. Mukan yi gayya mu shiga da adda, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na cin ƙafa, bayan wata biyu ta dawo kamar ba a taɓa ba. Jingar garinmu ma da buhunan yashi muke ɗaga ta duk shekara, kowane gida ya kawo buhu biyar.

Tsohon Malamin Gona:

Kafin manyan ayyuka su iso, ga ƙarami. Akwai irin shinkafa Faro 66 da Faro 67, an sake su a 2017, suna jure nutsewa cikin ruwa har kusan mako biyu. Ba za su tsira daga irin ta 2022 ba, kada in yaudare ka, amma ƙaramar ambaliya suna tashi bayanta. Ɗakin tsohuwa kuma ka kai shi tudu, ko da fili ya fi tsada.

Manomin Fadama:

Na ji, Baba. Tudun akwai, wajen kawuna, sai dai nisa da rijiya, kuma tsohuwa ta ce ba ta barin unguwar da aka kai ta amarya. Zan sa ƙanwarta ta yi mata magana. Irin kuwa ban taɓa ganinsa a kasuwar Hadeja ba, Faro 44 ce ta cika ko'ina. In akwai wanda ya san inda ake samun na gaskiya, ba wanda aka sake wa buhu ba, ya taimaka ya faɗa mini kafin watan biyar.